Garken Hamman a Inji Biyu

Bakin dajin Falgore,
9 ga Yuni, 1994.

Zuwa ga Balaraba 'yar Kawu Mudi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar zumunci, da fatan takardar nan za ta iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan sai godiya. Matata Rabi tana gaishe ki, ƙafar da ta dame ta ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san na yaƙi da jahilci ne, kuma a kan gwiwa nake yin sa.

Mun tashi daga gonar Kawu a Dangora tun ruwan farko, mun dawo bakin daji inda muke yin damina. Shanu sun cinye karan dawa tas, sun bar masa taki har sai da ya yi dariya. Ya ce da kakanki ya san aurar da ƙanwarsa Tasalla, wato kakata, ga Bafillatani zai riƙa cika masa rumbu haka, da duk ƙannensa ruga ya kai su. Na ce masa ai mu aka cuta, an ba mu mace ɗaya, ga shi shekara sittin muna biya da kashin shanu.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ciwon huhu ya ɓullo wajen Riruwai. Wani da na yarda da maganarsa ya gaya mini a kasuwa cewa garke biyu sun kwanta. Kin san ciwon nan, idan ya shiga ruga ba ya fita da yunwa.

A watan Maris malaman dabbobi sun iske mu a Dangora, suka rubuta ni da shanuna arba'in da uku, suka ba ni kati mai lamba 4417. Sun ce za a kai sunaye Kaduna a zuba a wani inji, injin ne zai faɗi inda motar allurar rigakafi za ta je. Sai na tuna ai taubashiyata ce ke zaune gaban injin nan tana latse-latse ana ba ta albashi. To ki duba mini ko sunana ya shiga. Idan kin rubuto ki ba Sani direba, ya ajiye wurin mai shayi a Kwanar Dangora, duk wanda zai shigo Falgore zai taho mini da ita.

Naki,
Hamman Ɗanmaraya


Kaduna,
2 ga Yuli, 1994.

Zuwa ga Hamman,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo, na karanta ta har sau biyu, na farko don in gane rubutun, na biyu don in gane maganar. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi ƙyanda, ta kuma tashi. Ka gaida Rabi da jiki, ka gaida Isa ƙaninka da iyalinsa.

Ka ce latse-latse nake yi. To bari in gaya maka abin da nake latsawa, ko ka daina raina ni. Injin ba ɗaya ba ne, biyu ne, kowanne ya kai rumbu tsawo. Suna cikin wani ɗaki mai sanyi da ba a shiga da takalmi, kuma ko an ɗauke wuta a duk Kaduna su ba a ɗauke musu. Mu a ofis Hassan da Husaini muke kiransu. An raba musu shiyyoyi. Bebeji da Kiru suna hannun Hassan, Tudun Wada da Doguwa suna hannun Husaini. Akwai waya a tsakaninsu, duk abin da aka rubuta wa ɗaya nan take zai kwafa wa ɗan'uwansa, don ko ɗaya ya lalace kada a rasa sunan kowa. Mu takwas ne muke zuba musu takardun da malaman dabbobi ke aikowa daga ƙauyuka.

Na duba, kana nan a cikin Hassan: 4417, Hamman Ɗanmaraya, Dangora, shanu arba'in da uku. Amma akwai matsala. A watan Agusta za a fara allura, kuma idan motar ta bi abin da ke rubuce za ta je Dangora ta iske dawa ta kai ƙirji, ba saniya ko ɗaya. Ƙa'ida ita ce malamin dabbobi na Tudun Wada ya cika takardar canjin wuri ya aiko, amma na san tafiyar takardun nan, sai ta yi wata biyu a kan tebur ana ɗora mata kofin shayi.

Saboda haka ranar Laraba da kowa ya fita cin abinci, na shiga Husaini na rubuta ka a Falgore da lambarka. Ban goge na Dangora ba. Yanzu kana wuri biyu, duk inda motar ta fara zuwa sunanka na cikin takardarta. Kada ka gaya wa kowa, don ba a ba ni izini ba. Ladana ƙwaryar man shanu ɗaya, kuma ba irin wadda kuka kawo bara ba, mai rabin ruwa.

Taka,
Balaraba


Bakin dajin Falgore,
4 ga Agusta, 1994.

Balaraba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida. Na gode da abin da kika yi, Allah ya bar zumunci. Man shanu kuwa Rabi ta ce ki zo da kanki ki kaɗa, mu ga wanda zai fito.

Ciwon ya matso. Ya shiga rugar da ke hayin rafi, muna shayarwa a sama su a ƙasa. Na daina kai shanu can, muna zagayawa wani tafki, tafiyar rabin wuni.

Ga shawarar da nake nema. Isa ya ji cewa can wajen Saminaka ana yin allura da hannu, ba a tambayar kati, duk wanda ya koro ana yi masa. Yana so mu tashi mu tafi kafin ƙarshen wata. Tafiyar ba wasa ba ce, gonaki sun rufe burtali a wurare da yawa, ga maruƙa tara da ba su yi ƙwari ba, ga ƙafar Rabi. Idan kuma na tafi motarku ta zo bayana, na wahalar da dabbobi a banza. Dattawan ruga su kuma suna cewa a yi irin ta dā, a samo huhun wadda ta mutu a tsaga hancin masu lafiya a cusa musu. Malamin dabbobi ya taɓa ce mana wanda zai karɓi allurar gwamnati kada ya yi wannan, shi ya sa na hana a taɓa nawa.

Ke ce kike ganin cikin injin. Ki gaya mini gaskiya, motar tana tafe ko in bi Isa? Abin da kika ce shi zan yi. Sani direba ba ya fitowa kullum yanzu saboda wahalar mai, amma zan bar takardar a Kwana.

Hamman


Kaduna,
11 ga Agusta, 1994.

Hamman,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ka ba tun waccan takardar, ko miƙa godiya ya fi ƙarfin Fulani ne? Na san dai wahalar mai ce. Mu ma nan da ƙafa nake zuwa aiki daga Tudun Nufawa. Akwai wata mata da za ta je Jos ta hanyarku, ita zan ba wannan.

Muna lafiya, sai gajiya. Tagwayen namu sun shiga wani hali. Dā idan na danna lamba, kafin in ɗaga ido amsa ta fito. Yanzu sai in danna, in tashi in yi alwala in yi salla in dawo, yana nan yana tunani. Akwai wani allo da ke nuna yawan aikin da ƙwaƙwalwar injin ke yi. Dā ba ya wuce kashi talatin cikin ɗari, yanzu kullum yana casa'in da wani abu, alhali ba wanda ya ba su wani sabon aiki. Zafi suke fitarwa har sanyin ɗakin ya daina isa. Injiniyanmu Malam Audu ya ce kwafe-kwafen da suke yi wa juna ne ya yi yawa, amma bai gano dalili ba tukuna. Mu dai muna zaune, wasu na saƙa, wasu na barci a kan tebur.

Abin dariya, akwai wani allon da ke nuna sunayen da suke miƙa wa juna, kuma naka ne a sama kullum. Da safe in shigo, 4417. In tashi da yamma, 4417. Na ce lallai ɗan Fulanin nan ko a cikin inji sai ya yi kane-kane. Duk ofishin nan ba sunan da injin ya riƙe kamar naka, don haka ka kwantar da hankalinka, ba za a manta da kai ba. Da zarar sun saki za a buga takardar motoci.

Ka gaida Rabi da Isa.

Balaraba


Bakin dajin Falgore,
6 ga Satumba, 1994.

Balaraba,

Gaisuwa da fatan alheri. Amsarki ta iso ni ran ashirin ga watan jiya, ana gobe Isa zai tashi. Na karanta masa inda kika ce sunana ne a sama kuma in kwantar da hankalina. Ya ce shi bai ga inda kika ce motar ta taso ba. Na ce masa mutumin da ke kan gaba a layi ba ya barin layi. Mun ɗan yi sa-in-sa, irin wadda ba mu taɓa yi ba tun rasuwar Baffa. Da safe ya ware nasa goma sha tara ya tafi da iyalinsa. Ni na zauna.

Kowace Talata ina fita bakin titi in zauna wurin masu gasa masara ko zan ga farar mota. Motoci ma ba su da yawa. Mai masarar ya saba da ni, yanzu ba ya tambayata abin da nake jira.

Shekaranjiya Raneye ta fara tari. Ita ce farar saniyar da Inna ta bar mini, kin san ta, wadda ta taɓa bin ki har bakin rijiya kina ihu. Ta tsaya ta buɗe ƙafafun gaba, ta miƙa wuya, numfashi yana fita da ƙyar. Na ware ta na ɗaure a gindin kirya. Yau da safe na ji wani bijimi ma yana yi.

Ban rubuto don in tayar miki da hankali ba. Idan akwai wanda ake gaya wa ya hanzarta, ki gaya masa.

Hamman


Kaduna,
19 ga Satumba, 1994.

Hamman,

Takardunka biyu sun zo mini yau tare, ta huɗu ga Agusta da ta shida ga Satumba. Sani ya ce ta farkon ta yi wata guda a cikin gwangwanin sukarin mai shayi. Ban taɓa ganin tambayarka ba sai yau. Takardar da ka karanta wa Isa ba amsa ba ce, hira ce kawai nake yi maka. Da na san ka tambaya da na ce ka tafi. Wallahi da na ce ka tafi.

Zan gaya maka komai yadda yake, don ba ni da wata hanyar faɗarsa.

Malam Audu ya gano abin ran takwas ga wata. Waɗanda suka tsara injin sun sa masa doka cewa lamba ɗaya wuri ɗaya take. To Hassan yana da kai a Dangora, sai ya aika wa Husaini. Husaini ya duba ya ga Falgore, sai ya gyara ya mayar masa. Hassan ya ga an taɓa masa rubutu, ya sake gyarawa ya aika. Haka suke yi ba tsayawa, sau dubbai kafin mutum ya sha ruwa. Abin da ya sa nake ganin sunanka a sama ke nan, naka ne ya fara shiga wannan hali, tun ranar Larabar da na rubuta ka.

Da naka ne kaɗai da ba a ji ba. Amma a watan Yuli takardun Tudun Wada suka iso. Malaman can sun bi rugage da damina sun rubuta duk wanda suka iske, da katin da ke hannunsa, kuma yawancinsu an riga an rubuta su da rani a Kiru ko Bebeji. Garke ɗari shida da goma sha biyu, kowanne gida biyu. Duk ƙarfin injin biyu ya tafi wurin gardamar inda kuke zaune, har ba su da sararin buga takardar motoci, aikin da bai fi na awa ɗaya ba. Malam Audu ya tambaya a taro, ya ce yaya garke ɗaya zai kasance a ƙaramar hukuma biyu. Ni kaɗai ce a ɗakin na san amsa, na kuwa faɗa, na ce da rani kuna gonaki, da damina kuna bakin daji. Ya rubuta a takarda ya ce abin lura ne.

Shawarar da manya suka yanke ita ce a fitar da duk masu gida biyu a ajiye gefe, a buga takardar sauran, motoci su fita. Waɗanda aka ajiye sai an tura malami ya gan su da ido ya tabbatar da wuri ɗaya. Ni aka ba aikin fitarwar saboda na fi kowa sauri. Aka miƙo mini jerin, 4417 ne na farko. Na je wurin shugabanmu na ce wannan ɗan'uwana ne, na san inda yake, a bar shi a Falgore. Ya ce idan ya bar ɗaya sai ya bar ɗari shida. Na dawo na zauna na danna. Kafin la'asar na gama duka, allon ya sauko kashi ashirin da takwas, mutane suka yi ta tafi. Na buɗe kwanona na ci abinci, ban san me na ci ba.

Akwai abin da ya fi wannan. Na duba takardun Tudun Wada ɗaya bayan ɗaya, babu kai a ciki, malamansu ba su kai rugarku ba. Da ban taɓa komai ba, da kana Dangora kaɗai, da sunanka ya fita a takardar farko, da ko ta yaya ka koro su Kwana an yi musu. Hannuna ne ya sa ka cikin waɗanda aka ajiye. Malam Audu ya ga lambata a jikin rubutun, ya dube ni, bai kai ni gaba ba. Da ma ya kai.

Motocin sun fita ran sha huɗu. Ba za su tsaya maka ba. Idan akwai masu lafiya, ka kora su Saminaka yau, kada ka jira komai daga gare ni. Na ba wani ɗan kamasho wannan takarda hannu da hannu, ya yi alkawarin kawo ta har Falgore.

Balaraba


Bakin dajin Falgore,
27 ga Oktoba, 1994.

Balaraba,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Mu mutane muna lafiya.

Takardarki ta zo cikin kwana uku, ɗan kamashon ya cika alkawari. Na karanta. Ban amsa da wuri ba don ba ni da zama.

Tafiya Saminaka ba ta yiwu ba. Lokacin da takardar ta zo bakwai suna tari, kuma Arɗo ya hana duk garken da ciwo ya taɓa ya motsa. Gaskiyarsa ne, ni ma da wani ne zai ratsa ta cikin nawa da masu tari ba zan yarda ba. Na koma wurin dattawa a kan maganar tsaga hanci, suka ce an makara, sai kafin ciwon ya shiga ake yi.

Farar motar ta wuce ran ashirin da shida ga Satumba. Na gan ta, na tsayar da ita, na nuna kati. Malamin ya duba takardarsa sama da ƙasa, ya sake dubawa, mutumin kirki ne. Ya ce allurar a ƙirge take, kowace da sunan mai ita. Ya ce ko da ya ba ni, garken da ciwo ya riga ya shiga sai an duba shi tukuna. Suka yi wa rugage uku da ke gaba da mu suka juya.

Raneye ta tafi ran biyu ga wata. Na yanka ta kafin ta cika. Huhun ya manne da haƙarƙari, sai da na sa wuƙa na ɓanɓare shi. Bayan ta sai suka riƙa bi, wata rana ɗaya, wata rana uku. Da farko mahauta suna zuwa daga Tudun Wada, daga baya suka daina. Yanzu rami muke haƙawa. Ƙasar ta fara tauri, rami ɗaya yana cin wuni. Maruƙan duk sun tafi, su ba su ma yi tari sosai ba. Yau da safe sha ɗaya suka rage, biyar a cikinsu ba sa kiwo.

Rabi tana wanke ƙoren nono kowace safiya ta kife su a rana, da yamma ta tattara.

Isa ya aiko, nasa sha tara suna nan, an yi musu allura, har ɗaya ta haihu. Ya ce zai ba ni biyu idan ciwon ya wuce. Bai tuna mini maganar da muka yi ba, ni ma ban tayar ba.

Kin ce hannunki ne. Ni ban san wannan ba. Na roƙe ki ki duba mini, kika duba, kika ƙara da abin da kika ga zai taimaka. Ni kuma na karanta abin da nake so in ji. Ba na jin haushinki. Gaskiya ba na jin komai sosai kwanakin nan, ina tashi in yi abin da ke gabana in kwanta. Bana ba za mu sauko Dangora ba, ba zan kai ciwo cikin shanun mutane ba. Na aika wa Kawu.

Hamman


Kaduna,
14 ga Disamba, 1994.

Hamman,

Ina gaisuwa, ina yi maka jaje, Allah ya mayar da alheri. Na fara rubuta maka takarda sau huɗu ina yagawa. Ranar da taka ta zo na je aiki kamar kullum, na zuba takardu ɗari biyu, ba kuskure ko ɗaya.

An gyara injin. Wani ya zo daga Legas ya yi mako biyu, ya ƙara wa kowane garke gurbi biyu, mazaunin rani da mazaunin damina. Malam Audu ya ce gyaran layi goma sha ɗaya ne kacal. Tagwayen sun yi shiru, ɗakin ya koma sanyinsa, har rigar sanyi nake sawa.

An mayar da ku ɗari shida da goma sha biyu. Ba a tura kowa ya duba ba, an ce ba mai. Ni na mayar da kai da hannuna, kuma tun da ka ce ba za ku sauko ba na sa Falgore a duka gurbin biyu. Wurin yawan shanu na tsaya. Ba ni da izinin canzawa sai da takardar malami, kuma ban san abin da zan rubuta ba, sai na bar shi yadda yake.

Motar za ta zo Falgore ran Talata, goma ga Janairu, bakin titi wurin masu masara. Na ga takardar da idona, kai ne na huɗu. Na san yadda wannan labari zai iske ka. Na ga dai gara ka ji daga gare ni.

Ka gaida Rabi. Ka ce mata ina nan tafe idan an yi hutu, in tana son ganina.

Balaraba


Bakin dajin Falgore,
12 ga Janairu, 1995.

Balaraba,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Rabi ta ce ki zo, gida gidanki ne, sai dai ki taho da madarar gwangwani idan kina shan shayi.

Motar ta zo shekaranjiya da hantsi. Na je da huɗun da suka rage. Malamin nan ne na wancan karo. Ya kira suna na farko, na biyu, na uku, ya kira Hamman Ɗanmaraya, shanu arba'in da uku. Na amsa. Ya ce ina sauran, na ce su ke nan. Ya duba huɗun, ya taɓa haƙarƙarinsu, ya ce waɗannan sun yi ciwon sun tashi, allura ba za ta ƙara musu komai ba. Ya riga ya haɗa maganin a kwalba, kuma ya ce idan an haɗa ba ya kwana.

Akwai wani mutum a gefe tun safe, Umaru sunansa, daga wajen Ningi ya taso zai gangara kudu. Ba shi da kati, ba a taɓa rubuta shi ko'ina ba. Ya roƙi malamin har ya gaji ya koma ya tsuguna. Shanunsa suna tsallaken titi, fararen bunaji ne masu kyau, ba mai tari ko ɗaya. Na tambaye shi nawa ne, ya yi nauyin baki kamar yadda muke yi, sannan ya ce arba'in da ɗaya. Na ce wa malamin ya yi musu da nawa. Ya ce takarda ba ta san Umaru ba, sunana za a rubuta. Na ce ya rubuta.

Ni na riƙe masa su, shi yana kama ƙaho ni ina kama wutsiya, har aka gama wajen azahar. Hannuna bai manta ba. Akwai wata karsana mai gardama da ta taka ni a ƙafa, har yanzu wurin a kumbure yake. Biyun da suka saura a kwalba malamin ya yi wa nawa don kada a zubar. Umaru ya so ya ba ni maraƙi, na ce ya bari. Ya kora shanunsa suka shiga daji, na sa hannu a takarda na dawo gida.

Takardar za ta iso teburinki nan da wasu makonni. Za ki ga an rubuta cewa shanun Hamman Ɗanmaraya arba'in da uku sun sami allura a Falgore ran goma ga Janairu. Ki zuba ta yadda ta zo. Kada ki gyara komai.

Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan'uwanki,
Hamman